Kunnen doki a ƙwallon Amurka: yadda ƙarin lokaci yake a NFL, da dalilin da ya sa aka kasa barin dokar ta huta

Ta yaya ƙungiyoyi biyu za su ci maki tamanin a tsakaninsu, a ƙara musu lokaci don a raba gardama, amma a tashi babu wanda ya yi nasara? Tambayar da ta cika bakin masu bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke nan bayan daren 28 ga Satumba, 2025, da Dallas Cowboys da Green Bay Packers suka tashi 40 da 40. Wanda ya saba da tamaula ba zai ga abin mamaki a canjaras ba. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne a yi ƙarin lokaci a wasan lig, sannan ƙarin lokacin ya ƙare ba tare da bugun fenariti ko wani abu mai kama da shi ba. Ba baƙi kaɗai abin ke rikitawa ba. A Nuwambar 2008, bayan Philadelphia Eagles da Cincinnati Bengals sun tashi 13 da 13, Donovan McNabb, wanda ya kai shekara goma yana jagorantar harin Eagles, ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai san wasa na iya ƙarewa kunnen doki ba.

Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Dokar iri biyu ce, ta wasannin kaka, wato na lig, daban, ta sili-ɗaya-ƙwale daban, kuma daga 2010 zuwa 2025 an yi mata gyara sau biyar.

Ƙwallon ba ta kowa ba ce a lokaci guda

A tamaula, daƙiƙa biyar ta isa ƙwallo ta bar ƙafar wannan ta koma ta wancan. Ƙwallon Amurka bi da bi ake yin ta. Ƙungiya ɗaya ce ke riƙe da ƙwallo tana kai hari, ɗayar tana tsaro, kuma 'yan wasan hari daban, na tsaro daban. Mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, wanda shi ne ƙashin bayan ƙungiya, yana zaune ne a benci muddin ƙwallo na hannun abokan hamayya.

Filin yadi 100 ne, da gidan ci mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Mai hari na da yunƙuri huɗu ya ci yadi goma. In ya ci, a sake ba shi huɗu. In ya shigar da ƙwallo gidan ci, ya yi tacdawun, maki shida. Daga nan sai ya zaɓa: ya buga ta tsakanin sanduna ya ƙara maki ɗaya, ko ya sake kutsawa daga yadi biyu ya ƙara maki biyu. In hari ya cije amma an kusa, sai a buga ta tsakanin sanduna a ɗauki maki uku. In ya cije a nesa, a yunƙuri na huɗu yawanci sai a doka ta can gaba a sallama wa abokan hamayya, don su faro daga nesa. Akwai kuma sefti, maki biyu da masu tsaro ke samu idan suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa.

Hari guda na iya cin minti biyu, yana iya cin takwas. Saboda haka tambayar wa zai fara riƙe ƙwallo ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma kwabo ake jefawa a amsa ta. Duk rigimar ƙarin lokaci a NFL daga wannan kwabon ta taso.

Dokar da ake aiki da ita a wasannin kaka

Wasa kashi huɗu ne, kowanne minti 15. In aka kammala maki na daidai, sai a huta abin da bai wuce minti uku ba, alƙali ya kira kyaftin-kyaftin tsakiyar fili. Kyaftin ɗin baƙi ne ke faɗin fuskar da ya zaɓa, kuma dole ya faɗa kafin kwabo ya bar hannun alƙali. Wannan sharaɗin ma da tarihinsa: a Nuwambar 1998, a wasan Pittsburgh Steelers da Detroit Lions, an yi gardama kan abin da Jerome Bettis ya furta lokacin da kwabo ke sama, alƙali ya ba Detroit ƙwallo, suka ci wasan. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa yana iya karɓar ƙwallo, ko ya buga wa abokan hamayya, ko ya zaɓi gefen da zai tsare.

Ƙarin lokacin minti goma ne, zubi ɗaya, babu na biyu. Kowace ƙungiya na da damar tsayar da agogo sau biyu. Koci ba shi da ikon ƙalubalantar hukunci. Jami'in duba bidiyo ne kaɗai ke kiran a sake kallo.

Tun daga kakar 2025, kowace ƙungiya sai ta samu damar riƙe ƙwallo sau ɗaya, ko da ta farkon ta yi tacdawun. Bayan kowa ya yi nasa harin, wanda ke gaba ya ci wasa. In har yanzu daidai ake, ko babu wanda ya ci komai, ko uku da uku, ko bakwai da bakwai, to daga nan duk wanda ya fara samun maki ta kowace hanya, wasa ya ƙare. In agogo ya cika ana daidai, an yi kunnen doki.

Akwai wurare uku da mutane ke tuntuɓe. Na farko, masu tsaro na iya gama wasa tun a harin farko: in suka yi sefti, ko suka cafe ƙwallo suka ruga da ita gidan ci, shi ke nan. Na biyu, abin da doka ta yi alkawari dama ce, ba riƙo ba. Ƙungiyar da aka doko wa ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasanta, abokan hamayya suka danne, ta ci rabonta ke nan, ba ta da bakin cewa ba a ba ta ba. Na uku shi ne mafi girma, za a dawo kansa a ƙasa: alkawarin damar nan yana ƙarƙashin agogo. In ƙungiyar farko ta cinye minti goman duka ta ci maki a daƙiƙar ƙarshe, ta biyun sai dai ta kama hanyar gida.

Tacdawun da ya yanke wasa ba a yi masa bugun ƙari. Shi ya sa ake yawan ganin wasannin ƙarin lokaci sun ƙare da tazarar maki shida.

A sili-ɗaya-ƙwale babu canjaras

Ƙungiyoyi 14 cikin 32 ne ke shiga wannan zagayen, kuma dole wani ya wuce. A nan zubin minti 15 ne, kuma ana ta ƙarawa har a samu gwani. An ɗauke shi tamkar sabon wasa: damar tsayar da agogo uku-uku a kowane zubi biyu, hutun minti biyu tsakanin zubi da zubi, kuma in zubin farko ya ƙare ƙungiya ta biyu na tsakiyar harinta, sai a juya gefe kawai ta ci gaba daga inda ta tsaya. In aka kai zubi na uku, kyaftin ɗin da ya faɗi ƙuri'a ne ke da zaɓi. Bayan na huɗu a sake jefa kwabo, amma ba a taɓa kai wa nan ba. Wasa mafi tsawo a tarihin gasar shi ne na 25 ga Disamba, 1971, da Miami Dolphins ta doke Kansas City Chiefs 27 da 24 bayan minti 82 da daƙiƙa 40, a zubi na biyu na ƙarin lokaci.

Kusan kowane gyara, wani ne ya yi kuka

Wasan farko na neman kambu da aka raba da ƙarin lokaci shi ne na 28 ga Disamba, 1958, Baltimore Colts 23, New York Giants 17. Tsarin lokacin mai sauƙi ne: wanda ya fara ci ya yi nasara. Masu tamaula sun san irinsa, ƙwallon zinare, wadda Henri Camara ya ci wa Senegal a kan Suwidin a 2002, kafin a soke ta a 2004. Wasannin kaka kuwa ba su da ƙarin lokaci sam sai 1974. Abin dariya, wasan kaka na farko da aka gwada sabuwar dokar a kansa, Pittsburgh da Denver Broncos a Satumbar shekarar, 35 da 35 aka tashi.

Ƙwallon zinare a tamaula ba ta fifita kowa, domin ƙwallo a tsakiya take. A NFL kuwa wanda ya ci kwabo yana buƙatar yadi talatin ko arba'in ne kawai ya kira mai bugu. A 1974 wannan bai dami kowa sosai ba, don masu bugu na yawan kuskure. Da shekaru suka ja, ƙafafunsu suka ƙware, bugun yadi hamsin ya zama ruwan dare, aka kuma mayar da wurin bugun farawa baya daga yadi 35 zuwa 30 a 1994, abin da ya ba mai karɓa damar farowa kusa. Kwabo ya fara nauyi.

Tura ta kai bango a Janairun 2010. New Orleans Saints da Minnesota Vikings na neman gurbin Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kambu, aka tashi 28 da 28. Saints suka ci ƙuri'a, suka matsa gaba, Garrett Hartley ya buga daga yadi 40, aka tashi 31 da 28, kwatabak ɗin Vikings Brett Favre bai sake taɓa ƙwallo ba. A Maris masu ƙungiyoyi suka amince da ƙuri'a 28 da 4 cewa bugun maki uku a harin farko ba zai ƙara yanke wasa ba, sai dai tacdawun. Sauya doka a NFL na buƙatar yardar 24 daga cikin 32. An fara da sili-ɗaya-ƙwale, aka faɗaɗa zuwa wasannin kaka a 2012.

Tsugune ba ta ƙare ba. Wasan sili-ɗaya-ƙwale na farko a ƙarƙashin gyaran, Denver da Pittsburgh a Janairun 2012, daƙiƙa 11 ya ɗauka: Tim Tebow na Denver ya jefa wa Demaryius Thomas, ya ruga yadi 80 ya yi tacdawun. An fi daɗewa ana bayanin dokar fiye da aiki da ita. A Super Bowl na Fabrairun 2017, na farko da ya shiga ƙarin lokaci, New England Patriots suka farfaɗo daga 28 da 3, suka ci ƙuri'a, suka yi tacdawun, Atlanta Falcons na kallo. A Janairun 2019 Patriots ɗin suka maimaita wa Kansas City, 37 da 31, kwatabak ɗin Chiefs Patrick Mahomes na benci. Chiefs suka kai ƙorafi suna neman a ba kowa dama, ba su samu goyon baya ba.

Duniya juyi-juyi. Ranar 23 ga Janairu, 2022, Chiefs ɗin ne suka ci moriyar dokar da suka yi kuka da ita. Su da Buffalo Bills sun ci maki 25 a minti biyun ƙarshe. Bills na gaba 36 da 33 saura daƙiƙa 13, Mahomes ya kai su inda Harrison Butker ya farke. Kwatabak ɗin Bills Josh Allen, wanda ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi irinsa ba, ya zaɓi fuskar kwabo, ta faɗi a ɗayar. Chiefs suka yi tafiyar yadi 75, Travis Kelce ya cafe, 42 da 36. Alƙaluman da aka baje a lokacin sun yi muni: cikin wasannin sili-ɗaya-ƙwale 12 da suka shiga ƙarin lokaci tun gyaran 2010, wanda ya ci ƙuri'a ya yi nasara a 10, bakwai daga ciki a harin farko. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wannan matakin manyan kwatabak ne suka rage, masu tsaro kuma sun gaji bayan awa uku. Watanni biyu bayan haka aka amince, 29 da 3, da shawarar Indianapolis Colts da Eagles cewa kowa sai ya riƙe ƙwallo. Aka kawo ta wasannin kaka a 2025.

Karɓa ko bayarwa?

A da, amsar ba ta buƙatar tunani. Kocin Detroit Marty Mornhinweg ya ci ƙuri'a a Nuwambar 2002, ya zaɓi gefen da iska ke bayansa ya bar wa Chicago Bears ƙwallo, suka buga uku suka tafi, kuma har yau da wannan ake tuna shi. Sabuwar doka ta juya lissafin, ta yadda abin da ya zama abin dariya a 2002 yanzu shi ne zaɓin masu yawa.

Mai hari na biyu ya san abin da ake bin sa. In na farko bai ci komai ba, uku ta ishe shi, ba sai ya yi kasada ba. In na farko ya ci uku, ya san uku za ta riƙe shi, tacdawun kuma ta ba shi wasa. In na farko ya yi tacdawun, to babu maganar sallama ƙwallo: yunƙuri huɗu cur yake da su a kowane yadi goma, alhali na farko, da bai san abin da ke gaba ba, da uku ya yi aiki, yana ajiye na huɗu don bugu. Wannan ƙarin yunƙurin ba ƙaramin abu ba ne, domin yana canja irin wasan da koci zai kira tun daga yunƙuri na biyu.

Mai hari na farko kuma abin da yake hange shi ne hari na uku. In aka yi daidai bayan kowa ya yi nasa, ƙwallo gare shi za ta dawo, a lokacin da maki uku sun isa. Da wannan hujjar Kyle Shanahan na San Francisco 49ers ya kare kansa bayan Super Bowl na 11 ga Fabrairu, 2024 a Las Vegas. Ya ci ƙuri'a ya karɓa, harinsu ya ƙare da bugun Jake Moody, 22 da 19. Chiefs suka karɓa, suka tsallake yunƙuri na huɗu a cikin yankinsu, inda da su ne na farko wataƙila da sun sallama, Mahomes ya jefa wa Mecole Hardman, aka tashi 25 da 22. Hari na ukun bai zo ba. Daga baya wasu 'yan wasan 49ers suka amsa cewa ba su san dokar ta canja ba, su kuwa 'yan Chiefs suka ce tun kafin kaka ta fara ake karantar da su, kuma shirinsu shi ne ko da 49ers sun yi tacdawun, su za su nemi maki biyu bayan tasu.

A nan hujjar hari na uku ke rauni. A ɗauka na farko ya ci bakwai, na biyu ya yi tacdawun, saura maki ɗaya. In ya buga ya daidaita, ya miƙa ƙwallo ga abokin hamayyar da yanzu-yanzu ya keta shi, kuma uku kawai yake nema. A dokar bugun farawa ta 2025, ƙwallon da ta faɗa gidan ci kai tsaye ana ajiye ta a yadi 35, wato yadi 25 zuwa 30 ya rage a shiga inda mai bugu zai iya. In kuwa ya nemi maki biyu, wanda ake samu kusan rabin lokaci, yunƙuri ɗaya zai raba gardama, kuma a hannunsa. Koci mai lissafi zai zaɓi na biyun. Haka kuwa aka gani a kakar 2025: Las Vegas Raiders sun gwada a kan Jacksonville Jaguars suka faɗi 30 da 29, Washington Commanders sun gwada a kan Denver suka faɗi 27 da 26, Seattle Seahawks suka gwada a kan Los Angeles Rams a Disamba suka ci 38 da 37.

Wannan ya bar wa na farko wata tambayar: in ya yi tacdawun, ya buga ɗaya ko ya nemi biyu? Takwas na nufin ba za a iya wuce shi a wannan musayar ba. Shida kuwa na nufin tacdawun da bugu mai sauƙi sun kashe shi. Yawanci ɗaya ake bugawa. Akwai kuma abin da lissafi ba ya gani daga nesa: in masu tsaronka yanzu suka fito daga dogon hari suna haki, karɓar ƙwallo na ba su hutu, in kuma iska na kaɗawa da ƙarfi, gefen fili na iya fin ƙwallon daraja.

Ramin da ke cikin minti goma

A 2017 aka rage ƙarin lokacin wasannin kaka daga minti 15 zuwa 10, da hujjar lafiyar 'yan wasa. Hujjar ba ta wasa ba ce. Kowane yunƙuri karo ne tsakanin ƙarti, raunin kai da na gwiwa ba sa jira, kuma ƙungiyar da ta yi wasa Lahadi tana iya sake fita Alhamis. Ga kuma gidajen talabijin da suka biya biliyoyin daloli, waɗanda suka tsara ranar Lahadi daki-daki: wasannin ƙarfe ɗaya na rana agogon gabashin Amurka, na bayan huɗu, da na dare. Wasan da ya zarce yana cin lokacin na bayansa.

Da Eagles suka kawo shawarar 2025, minti 15 suka nema. Aka karɓi rabin shawarar, aka bar agogo a goma. Don a ga abin da hakan ke nufi, a koma Super Bowl na 2024. Harin 49ers ya ci minti 7 da daƙiƙa 38, na Chiefs minti 7 da daƙiƙa 19. Da a wasan kaka ne, da minti 2 da daƙiƙa 22 kawai Mahomes zai samu. Ke nan a wasan kaka, wanda ya karɓi ƙwallo da farko yana da makamin da ba shi da shi a sili-ɗaya-ƙwale: ya riƙa gudu da ita a ƙasa, yana cinye daƙiƙa 40 da aka ba shi tsakanin yunƙuri da yunƙuri, ya bar wa na biyu guntun lokaci.

Wasan 40 da 40 ɗin ma haka ya kasance. Dallas suka fara, suka ci uku. Green Bay suka taho a hankali, suna son su ci amma ba sa son barin lokaci in abin ya tsaya a uku, har suka kusa ƙona kansu: jifan ƙarshe na Jordan Love ya faɗi ƙasa saura daƙiƙa ɗaya. Da ita Brandon McManus ya buga ya daidaita. Hari biyu, minti goma, babu na uku.

Abubuwa uku ake so a lokaci guda: adalci, gajeren lokaci, da a samu gwani. Ba su haɗuwa. Tsohuwar doka ta zaɓi gajarta da gwani ta sadaukar da adalci. Ta sili-ɗaya-ƙwale ta zaɓi adalci da gwani ta bar lokaci a buɗe. Ta wasannin kaka ta yanzu tana ƙoƙarin riƙe adalci da gajarta, kuma kunnen doki ne kuɗin da take biya.

Rabin nasara a teburi

A tamaula canjaras maki ɗaya ne cikin uku. A NFL ba a tara maki a teburi, kason nasara ake lissafawa, kuma tun 1972 kunnen doki rabin nasara ne, rabin faɗuwa. A kakar wasa 17, mai nasara 9, faɗuwa 7, canjaras 1 yana da tara da rabi, kaso 0.559. Ya fi mai 9 da 8 da ke da 0.529, bai kai mai 10 da 7 da ke da 0.588 ba. Amfaninsa na ɓoye shi ne yana fitar da ƙungiya daga dogon jerin ƙa'idojin raba masu sakamako iri ɗaya, don da wuya a samu wata mai irin nata.

Kafin 1972 zubar da canjaras ake yi kamar ba a buga wasan ba. A 1932 Chicago Bears sun ɗauki kambu da nasara 7, faɗuwa 1, canjaras 6, alhali Green Bay na da nasara 10, faɗuwa 3, canjaras 1. Da lissafin yau ne, Green Bay ce a sama.

Canjaras ɗin da McNabb bai san da shi ba shi ya cece su: Eagles sun ƙare da 9, 6, 1, suka shige gaban Dallas da Chicago da Tampa Bay masu 9 da 7, suka kai har wasan neman gurbin Super Bowl. Green Bay ta ci rukuninta a 2013 da 8, 7, 1 a gaban Chicago mai 8 da 8, Carolina Panthers kuma a 2014 da 7, 8, 1.

Amma babu wanda ya kai daren 9 ga Janairu, 2022 ban mamaki. Wasan ƙarshe na kaka, Raiders da Los Angeles Chargers. Wanda ya ci ya wuce zuwa sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya faɗi ya fita, in kuma suka yi kunnen doki su biyun sun wuce, Pittsburgh mai 9, 7, 1 ta fita. Aka tashi 29 da 29, kowa ya ci uku a ƙarin lokaci, agogo na gangarowa, Raiders na tafiya kamar waɗanda ba sa sauri. Saura daƙiƙa 38 Chargers suka tsayar da agogo. Josh Jacobs na Raiders ya ƙara yadi goma, Daniel Carlson ya buga daga yadi 47 lokaci na cika, 35 da 32. Har yau ana gardamar ko Raiders za su bar lokacin ya ƙare da ba a tsayar ba.

Me ya hana a ɗauko wani tsarin?

Wasannin jami'o'i a Amurka sun rabu da canjaras tun 1996. Can babu agogo: kowace ƙungiya a ajiye mata ƙwallo yadi 25 daga gidan ci, bi da bi, kuma tun 2021 daga zagaye na uku sai musayar neman maki biyu kawai, wanda shi ne ɗan'uwan bugun fenariti. Yana da daɗin kallo, amma yana yanke rabin wasan: babu bugun farawa, babu sallama, babu kokawar neman wuri a fili. Yana kuma iya ja, kamar yadda Illinois da Penn State suka yi zagaye tara a Oktoban 2021 kafin a tashi 20 da 18.

Shawarar da ta fi kowacce wayo ita ce ta Baltimore Ravens a 2021, irin rabon da yara ke yi: wani ya yanka, wani ya zaɓa. Ƙungiya ɗaya ta faɗi yadin da za a ajiye ƙwallo, ɗayar ta zaɓi hari ko tsaro. In ka ajiye ta wuri mai daɗi, abokin hamayya ya karɓe. In ka kai ta can ƙurya, ya bar maka. Kwabo ya zama ba shi da tasiri. Masu ƙungiyoyi ba su karɓa ba.

Gyara mafi sauƙi bai buƙatar sabon tsari: ko a mayar da minti 15, ko a ce harin ƙungiya ta biyu sai ya kai ƙarshensa ko da agogo ya cika. Kunnen doki kansa ba cuta ba ne. Wasanni 272 ake bugawa a kaka, kuma kakar 2023 da ta 2024 sun wuce ba a yi ko ɗaya ba. Abin da ke ci wa mutane rai shi ne a yi alkawarin dama sannan agogo ya cinye ta.

Mai kallo daga Kano ko Yamai shi ma yana da nasa kason a wannan lissafin. Wasan daren Lahadi na farawa ƙarfe 1:20 na dare a watan Satumba da Oktoba, 2:20 daga Nuwamba idan Amurka ta mayar da agogonta baya, Super Bowl kuma wajen 12:30. A wasan kaka, in aka shiga ƙarin lokaci, ya san minti goma ne na agogon wasa, abin da kan ɗauki kusan rabin awa. A watan Janairu da Fabrairu kuwa babu wanda zai iya ce masa ga lokacin tashi, kuma in ya ga agogon zubin farko na gangarowa sifili ƙungiya ta biyu ba ta ko gaggawa, ba sakaci ba ne, juya gefe kawai za a yi.